Rabin Gajere

Litinin, da yamma

Zuwa ga 'yata, Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya ƙaramar, haƙoran sun gama fitowa?

Yau Litinin, kuma jikin babu daɗi. Kada hankalinki ya tashi. Tarin nan da na ce miki ba komai ba ne ya sauka ƙirji. Kwana uku ina zazzaɓi, in na ja numfashi sai in ji kamar an soka mini allura a haƙarƙarin dama. Maƙwabciyata tela, wadda ke ɗaukar hoton wasiƙun nan da wayarta tana tura miki, ita ta ga ban buɗe taga ba har rana ta take, ta rufe shagonta ta kai ni asibiti.

Likitar yarinya ce, ba ta kai ki ba. Da ta gane kunnena ya yi nauyi sai ta dinga rubuta mini tambayoyinta a takarda. Na gyara mata kuskure biyu, ta yi dariya ta ce yau ta haɗu da gamonta. Ta ce ƙwayoyin cuta ne suka kama huhun dama. Ta tambaya ko wani magani ya taɓa sa mini ƙuraje, ko kumburi, ko ya toshe mini numfashi. Na ce a'a, bai taɓa ba.

An ba ni ƙwaya goma sha huɗu, farare, kowace kamar ƙwallon dabino. Mai ba da maganin ya ce magani biyu ne a cikin ƙwaya ɗaya: ɗaya yana kashe ƙwayoyin cutar, ɗayan yana tsare masa baya don kada su karya shi. Na ce ashe irin aikinmu ne a maɗaba'a ni da abokina Gajere, ni ina farautar kuskure da jan biro, shi yana tsaye a kan injin. Za a sha safe da yamma, da lomar farko ta abinci, har kwana bakwai, ba tsallake ba tsayawa. In na ga ƙuraje ko kumburi, in koma nan take. Na sha ta farko ɗazu, da kyar ta wuce.

Akwai wata takarda mai ƙananan rubutu a cikin kwalin. Idona yana ruwa, ban iya karanta ta ba. Na ninke ta na cusa ƙarƙashin ƙafar teburin nan da ke rawa tun mahaifiyarki tana da rai. Ya tsaya daram.

Kada ki ce za ki baro aiki ki taho. Gata Alhamis, Gajere zai zo.

Ki gaida kowa.
Mahaifinki

Juma'a, da hantsi

Auta,

Ina gaishe ki, ina gaida yaran. Saƙonki ya iso, tela ta kwafa mini shi a bayan kwalin zare. Na ji faɗan, na kuma gode.

Jiki ya yi sauƙi ƙwarai. Zazzaɓi ya tafi tun Laraba, sai ɗan ciki da ya sake, wanda aka ce ba abin damuwa ba ne in bai yi yawa ba. Jiya har shara na yi.

Gajere ya zo jiya bayan azahar kamar kullum, ya buga kansa a ƙofa kamar kullum, ya zagi wanda ya gina gidan. Shekara hamsin yana shiga ƙofar nan bai koyi sunkuyawa ba, ga shi dogo, sunan Gajere na zolaya ne. Tun da ɗansa ya ɗauke shi zuwa can ƙarshen gari wata biyu da suka wuce, mota biyu yake shiga kafin ya iso, amma bai fasa Alhamis ko ɗaya ba. Ya dube ni ya ce, Jan Biro, ashe ba ka mutu ba, na yi asarar kuɗin mota. Na ce ina jira ya riga ni, in gyara masa rubutun sanarwar rasuwa. Muka yi karta, ya cuce ni sau biyu da hannun nan nasa mai yatsa huɗu, na yi kamar ban gani ba.

Sai dai yana tari, Auta, irin mai girgiza kafaɗa. Na ce ya je asibiti, ya ce shi da likita sai a lahira. Kin san al'adarmu tun muna samari a wurin aiki: duk abin da ya shigo hannun ɗayanmu, a raba daidai. Burodi, lemo, har bargo mun taɓa tsagawa biyu. Na duba kwalina, na sha shida, saura takwas, ga ni na warke. Sai na ɓare huɗu daga ledarsu, na ƙunshe masa a farar takarda, na rubuta safe da yamma. Ya ce wannan ai ƙwayar doki ce, ba zai sha ba sai tarin ya kayar da shi. Ya dai jefa a aljihun rigarsa.

Na ji daɗi a raina. Na daɗe ban sami abin da zan raba da wani ba.

Mahaifinki

Lahadi, da rana

Auta,

Ina fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutun. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Ƙwayoyina huɗu sun ƙare jiya da safe. Yau na tashi da ɗan sanyi a gaɓoɓi, amma ba shi ne zancen ba.

Kin san ciwona, ba na iya zama babu abin karantawa. Na gama jaridar makon jiya har da tallace-tallace, sai na tuna takardar ƙarƙashin tebur. Na zaro ta, na ɗauko gilashin ƙara girman rubutu na wurin aiki, na zauna a bakin taga. A layi na huɗu aka rubuta cewa ɗaya daga cikin magungunan biyu, mai suna amoksisilin, dangin penisilin ne, kuma duk wanda penisilin ya taɓa kumbura shi kada ya kusance shi.

Na karanta sau uku. Sannan na tuna yatsan Gajere.

Ba a haife ki ba lokacin. Injin yankan takarda ya cire masa yatsa, ni na ɗaure hannun da rigata na kai shi asibiti. Aka ɗinke, aka yi masa allurar penisilin. Ba mu kai bakin ƙofa ba leɓensa ya kumbura, idanunsa suka rufe, ya kama wuyansa yana neman iska kamar kifi a kan yashi. Da kyar aka ceto shi. Likitan ya riƙe kafaɗata, ni ɗin nan, ya ce in tuna masa har abada, penisilin ba nasa ba ne. Tun ranar Gajere yake gudun asibiti.

Da allura ce da na tuna. Da an rubuta penisilin a kan kwalin da na tuna. Wani suna ne daban a jiki, na magani biyu da aka haɗa, kuma ni na ɓare su daga ledar na ba shi tsirara a farar takarda. Ko ɗansa ya gani ba zai san mene ne ba. Abin da zai gani kawai rubutuna, safe da yamma.

Shekara talatin da biyar ina karanta ƙananan rubutun mutane don kada waƙafi ɗaya ya ɓata. Takarda ɗaya da ta shafi rai, na sa ta a ƙarƙashin tebur.

Ban san gidan ɗan ba. Gajere ya ce dai kusa da wata makaranta ne mai shuɗin ƙofa. Ba ya riƙe waya, ya ce ba zai yi magana da wanda ba ya ganin idonsa ba. Tela ta bar ɗinkinta ta je tsohon gidansa, waɗanda suka tare ba su san komai ba. Kun yi makaranta da 'yarsa ta biyu. Don Allah ki nemo ta yau, ba gobe ba. Ki ce a laluba aljihun rigarsa mai ruwan toka, a zubar da abin da ke cikin farar takarda. In ya riga ya sha, ko da lafiya ƙalau yake, su gaya wa likita. In fuska ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, kada su jira komai, su ruga asibiti.

Abin da nake riƙe da shi ɗaya ne, taurin kansa. Ya ce sai tari ya kayar da shi. Ban taɓa roƙon Allah ya ƙara wa mutum taurin kai ba sai yau.

Mahaifinki

Talata, da la'asar

Auta,

Na gaishe ki. Na ga saƙonki cewa lambar 'yar tasa ba ta shiga, kuma kin sa ƙawayenku cigiya. Allah ya yi miki albarka. Ki ci gaba.

Zazzaɓin ya dawo jiya da ƙarfinsa, da sukar haƙarƙarin. Tela ta mai da ni asibiti. Na yi niyyar in ce wa likitar na shanye maganin, amma da ta rubuta tambayar sai na kasa. Na karɓi biron na rubuta mata komai. Ta karanta, ta cire tabarau, ta daɗe tana kallona. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

Ta rubuta, Baba, sauƙin da ka ji ranar Laraba ba warkewa ba ce, cutar ta kwanta ne ba ta mutu ba, kuma in ana yi mata rabin duka tana iya koyon jurewa. Ta ce tarin abokina ma watakila mura ce, wadda wannan magani ba ya taɓa ta ko kaɗan. Na tambaye ta gaskiya, ƙwaya ɗaya za ta iya kashe shi? Ta ce ba kowa ne abin ke maimaita masa da tsanani ba bayan shekaru, amma wanda maƙogwaronsa ya taɓa rufewa ba a caca da shi, yana iya faruwa cikin 'yan mintuna. Na nemi ta duba mini ko an kawo wani dogon tsoho mai yatsa huɗu. Ta duba, ba a kawo shi nan ba. Amma asibitoci nawa ne a gari?

Ta sake duba ƙirjin, ta rubuta mini sabon zubi, ta sa tela ta riƙe kwalin a shagonta tana kawo mini ɗaya-ɗaya da abinci, tana tsaye har in haɗiye. Tela ta ce tun da na zama yaro, da sanda za ta riƙa zuwa. Na cancanta.

Na rubuta da jan biro, da manyan baƙaƙe, na manna a ƙofa daidai inda yake buga kansa: GAJERE, KADA KA SHA. Maƙwabta suna wucewa suna kallo, wani ya tambayi tela ko tsohon ya fara taɓuwa ne.

Saura kwana biyu.

Mahaifinki

Alhamis, gab da magariba

Auta,

Ina fatan kun wuni lafiya. Jikina da sauƙi, na sha ta safe, ta yamma tana hanya. Ba zan bar ko ɗaya ba.

Tun kafin azahar na jawo kujera bakin taga, inda ake hango wurin tsayawar mota. Na share ɗaki, na fito da karta, na sa ruwan shayi. Tela ta kawo mini lemo ɗaya babba, na yanka shi biyu daidai. Na shirya abin da zan ce masa. Zan fara laluba aljihunsa kafin gaisuwa, ya zage ni son ransa, sannan in gaya masa cewa ni ne wanda aka ba amanar tunawa, na manta.

Mota goma sha ɗaya ta tsaya. A ta shida wani dogo ya sauko, na miƙe har na kai ƙofa, ashe saurayi ne da jaka.

Ina ta gaya wa kaina dalilai. Watakila tarin ne ya kwantar da shi. Sai in tuna abin da ya ce zai yi in tarin ya kayar da shi, sai in bar wannan dalilin in nemi wani. Watakila ɗan ya hana shi fita. Watakila an wanke rigar da takardar a ciki, Allah ya sa.

In kin sami 'yar tasa, ko mene ne labarin, kada ki tace mini shi. Ki gaya wa tela yadda yake, ta rubuta mini yadda kika faɗa.

Ruwan shayin ya huce sau uku. Na ci rabina na lemon, na rufe nasa da kofi saboda ƙuda. Takardar tana nan a ƙofa.

Gajere bai zo ba.

Mahaifinki,
wanda ake ce wa Jan Biro