Ɗakin Iya Ya Tsira

Daren Laraba, gab da damina

Ban faɗa wa kowa ba, amma tun da Baba ya ce zai rushe ɗakin marigayiya Iya, kakata, ya yi na bulo da kwano, kullum bayan sallah nake roƙon Allah kada kuɗin su isa. A ɗakin nan na taso, a bayan kakata nake kwana, ina kallon farantin da aka manna a tsakiyar rufin har barci ya ɗauke ni.

Yau bayan la'asar na kai wa Baba da magini ruwa a zaure, sai na ji Baba yana cewa, "Malam, siminti ya fi ƙarfina bana. A canza azarar da gara ta ci, a yi yaɓe, a gyara indararo."

Saura kaɗan kofin ya suɓuce mini. Da na shigo Yaya Sani ya ce, "Ke Bebiya, wannan washe baki fa? Ko ke kika ƙara wa siminti kuɗi?" Na ruga ɗaki.

Umma ce kawai ta ba ni tausayi. Ita ke kwana tana tara robobi in rufin ya fara yoyo, ta kuma sa rai da kwano.

Na daina waccan addu'ar. Ranar da za a kwaɓa ƙasa ni zan ja ruwan duka daga rijiya, in an yi yoyo bana kuma ni zan tashi, Umma ta yi barcinta.