Ni ɗan masunci ne, na yanka komar wani a ƙarƙashin teku

Assalamu alaikum Admin da jama'ar wannan gida. A ɓoye sunana, ko da yake duk wanda ke Greensboro ya ga bidiyon zai gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, kwana tara ke nan kaina ya ƙulle.

Ni mutumin Yauri ne, mahaifina masunci ne, da kuɗin kifi aka yi mini makaranta har na zo ƙasar nan ta Amurka. Ina aiki a wani sito a Wendover, ɗaga kwali daga safe zuwa yamma. Shekara huɗu da suka wuce wani Bature abokin aikina, bari in kira shi Tom, ya ja ni koyon nutso irin na goya tukunyar iska a baya. Mutanenmu har yau tsokanata suke yi a masallaci, wai na baro kogi a gida na zo ina biyan dala don in jiƙa. Ni kuwa tun da na zo Amurka babu inda hankalina ke kwanciya kamar ƙarƙashin ruwa. A ƙa'idar nutso ba a shiga mutum ɗaya, sai da abokin da zai kula da kai ka kula da shi, kuma Tom ne nawa. Akwai ranar da na'urar numfashina ta tsaya muna can ƙasa, shi ya cusa mini tasa a baki muka hau tare. Na faɗi wannan ne don ku san matsayinsa a wurina.

Watan jiya muka yi tafiyar awa huɗu zuwa bakin teku da 'yan ƙungiyarmu ta masu nutso, jirgin haya ya kai mu cikin ruwa, muka sauka kan wani tsohon jirgi da ya nutse. Sai ga koma ta maƙale a jikin ƙarfen, kififiya a ciki tana ta fama, igiya ta ci mata wuya. Na zaro wuƙa na yanka, ta fita. Da nan na tsaya da babu matsala. Amma Tom yana ɗauka a kyamara yana yi mini alama da hannu in ci gaba, ni kuma jinina ya hau, na bi komar nan na yi mata fata-fata. Abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin shi ne, tun ina yankan na san ba yasasshiya ba ce. Babu gansakuka a jikinta, ga faci sabo da aka yi da hannu, ƙulli-ƙulli, ga kuma alamar da mai ita ya ɗaure tana yawo a saman ruwa don ya dawo ya cire abarsa. Sauran ba su san ma'anar wannan ba, ni na sani, a kansa na tashi. A garinmu wanda ya yanka komar wani ko gaisuwarsa ba a amsawa a bakin ruwa.

Da muka dawo gaɓa na ga mai ita. Wani dattijo ne Bature, hannunsa duk kanta, yana tsaye yana tambayar mai jirginmu ko mun ga komarsa a wajen. Mai jirgi ya kau da kai, Tom ya juya baya yana wanke kaya, ni kuma na shige mota kamar ɓarawo.

Ƙungiyar ta saka bidiyon a intanet ya bazu. Dama sun daɗe suna neman a hana kafa irin wannan koma a yankin, suna tara sa hannu suna rubuta wa 'yan majalisar jiha, to sai suka samu abin da suke so. Yanzu an sa ranar sauraron ra'ayin jama'a, Alhamis mai zuwa, kuma ni suka zaɓa in yi magana. Tom ya ce babu wanda za a saurara kamar ni, ɗan masunci daga Afirka da kansa ya ce a hana. Har takardar da zan karanta sun rubuta mini, a ciki an kira komar shara da aka watsar. Na ce masa ba watsar da ita aka yi ba, ya ce wannan ƙaramin abu ne, kififiyar da ta kusa mutuwa ba ƙarya ba ce. Kuma gaskiyarsa, ni da idona na ga yadda kifi ke raguwa a wuraren da muke shiga. Muka yi ta ja, a ƙarshe ya ce shi bai taɓa barina a ƙarƙashin ruwa ba, kada in bar shi a gaban mutane.

Matata cewa ta yi in fita daga harkar gaba ɗaya, mu baƙi ne, me ya haɗa mu da rigimar majalisa. Da sauƙin faɗa. Ni nake da laifi a wuya, ba ita ba.

Shekaranjiya can Yauri ƙanena ya nuna wa Baba bidiyon a waya, yana murna wai yayansa ya yi suna. Baba ya sa aka kira ni. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Cewa kawai ya yi, "Komar wa ka yanka? Ka je ka same shi?" Na ce a'a. Ya ce to, ya miƙa wa ƙanena wayar. Na kira sau uku tun daga nan, ana ce mini yana bakin ruwa.

An tabbatar mini masuntan yankin za su zo ranar Alhamis, dattijon nan ma yana cikinsu. In na karanta takardar na yi ƙarya a gabansa, kuma da bakina za a taɓa abincinsa. In na faɗi gaskiya na rusa wa Tom aikin shekara biyu, na kuma tona wa kaina asiri a gaban hukuma. In na ƙi zuwa na ci amanar kowa. Na yi istihara ban ga haske ba tukuna.

Jama'a me zan yi? In je in sami dattijon kafin ranar, ko hakan zai ƙara jagula abin? Masu cewa in bar nutso na ji, amma ba shi nake tambaya ba. Ku gaya mini da wace fuska zan tsaya a gaban mutumin nan, kuma me zan ce wa Baba in ya yarda ya ɗauki wayata.