Na Ce wa Baba Gahawarsa Gawayi Ce

Gwaggo, na saba karanta shawarwarinki a wannan shafi, don Allah ki taimake ni, na yi ɓarin baki, kuma wanda na yi wa ba wanda ake yi wa ba ne. Mahaifina ne. Yau Asabar uku ke nan bai tako gidana ba, duk a kan gahawa. Na san za ki yi dariya. Ki yi abinki, mijina ma ya riga ki.

Bari in faro miki daga tushe. Baba tsohon bakanike ne, ya fi shekara talatin a ƙarƙashin motoci kafin gwiwa ta zaunar da shi. Irin mutanen nan ne da mota za ta wuce a titi, ya ɗan karkata kai, ya faɗi abin da ke damunta ba tare da ya leƙa ba. Wani abokin aikinsa a gareji ne ya koya masa shan gahawa tun ban san kaina ba, kuma tun daga lokacin bai taɓa sayen niƙaƙƙiya ba. Ɗanya yake saya, ya soya da kansa a wani baƙin kasko mai nauyin tsiya, yana juyawa da cokalin katako har sai ƙwayoyin sun yi baƙi ƙirin suna maiƙo. Mama ta yi ta buɗe tagogi tana mitar labulenta. A cikin 'ya'yansa biyar ni kaɗai na gaji shan, sauran duk 'yan shayi ne. Da na yi aure sai ya zamana duk Asabar da hantsi zai zo da kaskonsa a jaka, mu shige kicin, shi yana juyi, ni ina hure ƙaiƙayi a faranti. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma in yana juya kaskon nan bakinsa buɗewa yake yi. Duk abin da na sani game da ƙuruciyarsa, a bakin murhu na ji shi.

To bara wata abokiyar aikina ta dawo daga tafiya ta ba ni wata gahawa, launinta ƙasa-ƙasa mai haske. Na dafa, na kurɓa, sai na ji kamar lemo da zabibi a bakina. Na ce ta zuba wani abu, ta rantse ba ta zuba komai ba, haka ƙwayar take in ba a ƙona ta ba. Gwaggo, tun daga ranar na rasa sukuni. Na shiga wani zaure a waya na masu suyar gahawa a gida, na yi ta karatu kamar mai shirin jarrabawa, ƙarshe na sayi ƙaramin inji mai ganga da fanka. Yana da wani tsinken ƙarfe da ke auna zafi, ana haɗa shi da kwamfuta ta riƙa zana jadawali yayin da ake suya.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, yini nake ina kallon layuka a fuskar na'ura, don haka da na ga jadawalin nan sai na ji kamar na zo gida. Layi biyu ne. Ɗaya yana hawa, shi ne zafin ƙwayoyin. Ɗayan yana nuna saurin da zafin ke ƙaruwa, kuma ana so ya riƙa gangarowa a hankali, kada ya faɗi rijif, kada ya zabura. Cikin wata biyu na gwanance. In na tura hoton layina a zaure, sai ki ga ana ta yabo, har wani ya roƙe ni in koya masa.

Akwai wani maɓalli da ake dannawa idan ƙwayoyin suka fara fashewa tas-tas, ana kiran wannan fashewar farko. Daga nan sai a ƙirga minti ɗaya da ɗan wani abu, a juye, a sanyaya. An ce a wannan ɗan tsakanin ɗanɗanon 'ya'yan itacen yake. Matsalar ita ce fankar injina ƙara gare ta kamar injin niƙa, ban taɓa jin fashewar da kunnena ba. Amma wani babba a zauren ya ce tasa tana fashewa ne idan lambar zafi ta kai ɗari da casa'in da shida. Shi ke nan na huta. Lamba tana kaiwa nan sai in danna, in ƙirga, in juye.

Sai dai kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Jadawali kamar a rataye a bango, gahawa kuwa kamar an dafa ɗanyar ciyawa, ga wani tsami mai kashe haƙori. Injina na niƙa gahawa har gurnani yake don taurin ƙwayoyin. Na canza ƙwaya sau huɗu, na canza ruwa, na canza kofi ma don neman dalili. Mijina ya jure wata guda, sannan ya ce wai likita ya hana shi gahawa. Ni da nake aiki a asibiti, na san rabonsa da ganin likita tun haihuwar autarmu.

Ranar da abin ya faru, abokan aikina biyu sun zo ganin inji, ni kuma ina son in burge. Baba ya iso da jakarsa kamar kullum, na ce yau ya huta, na ja masa kujera. Ya zauna kusa da injin, ya karkata kai yadda yake yi wa mota. Lamba ta kai, na danna, na fara ƙirge. Sai ya ɗaga hannu ya ce in dakata, ƙwayoyin ba su yi magana ba tukuna. Na yi kamar ban ji ba. Da zan juye ya sake faɗa. A nan ne bakina ya riga hankalina. Na ce wannan ba aikin kintace ba ne, kwamfuta ba ta ƙarya, kuma in kunnensa za mu bi, gawayin da muka shekara talatin muna sha za mu ci gaba da sha. Baƙi suka yi dariya, shi ma ya yi. Ya shanye kofin ciyawar nan tas, ya yi mini sannu da ƙoƙari, ya ɗauki jakarsa da ko buɗe ta bai yi ba, ya tafi.

Asabar ta farko ya ce gwiwa. Ta biyu ya ce yana ganin hadari. Ta uku bai ma nemi dalili ba, albarka kawai ya sa mini a waya ya ajiye. Mama ta ce gwiwarsa ƙalau, yana nan yana suyarsa shi kaɗai yana turare mata labule, wai in zo in kwashi mutumina. Ta faɗa da wasa, amma ni da na ajiye wayar kuka na yi. Ina kewarsa, Gwaggo. Kicin ɗin ya yi mini faɗi.

Amma tunda ba ki san ni ba, bari in faɗa miki gaskiyar da ba zan iya faɗa a gida ba. Na yi nadamar maganar, sai dai gahawar Baba ƙonanniya ce, kuma bayan abin da na ɗanɗana ba zan iya komawa gare ta ba. Ina tsoron in na ba shi haƙuri ya ɗauka na tuba ne daga injin gaba ɗaya. Mijina ya ce in sayar da injin a zauna lafiya, amma shi dai yana da nasa dalilin. Na yi tunanin in aika shi da ɗanyar gahawa mai kyau ya kai wa Baba ba tare da wata magana ba, ko zai gane. Tambayata biyu ce. Me ya sa gahawata take ciyawa alhali jadawalina ba shi da aibi? Kuma yaya zan yi Baba ya dawo?

'Yar bakanike

*

'Yar bakanike, na yi dariyar kamar yadda kika ce, musamman a kan likitan mijinki. Sannan na ɗauki wasiƙarki na kai wa wani mai sana'ar suyar gahawa, don ni 'yar shayi ce kamar 'yan'uwanki. Bai gama karantawa ba ya ce amsar tambayar farko ai tana zaune a kujera kusa da injin.

Ga abin da ya bayyana mini. Tsinken auna zafi ba ya faɗin lamba ɗaya a kowane inji. Ya danganta da kaurinsa, da inda aka soka shi, da yawan ƙwayar da aka zuba. Wani injin tasa ta fashe a ɗari da casa'in da shida, naki kuma yana iya wuce ɗari biyu da goma kafin ƙwaya ɗaya ta motsa. Lambar da kike dannawa ta wani ce, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Kina juye gahawarki tun ba ta nuna ba, shi ya sa take ciyawa, shi ya sa take da tauri. Kwamfuta ba ta yi miki ƙarya ba, ke kika faɗa mata an fashe, ita kuma ta rubuta. Na tabbata a wurin aikinki ba kya barin majinyaci ki tsaya kallon na'ura kawai.

Amma ba zan ɗora miki laifin duka ba. Mutumin ya ce ke ma kina da gaskiyarki. Gahawar da ta yi baƙi har tana maiƙo ta wuce fashewa ta biyu, kuma a nan lemo da zabibin da kike nema sun riga sun ƙone. Baba yana wuce wurin, ke kuma ba kya kaiwa. Shi ya san inda fashewar take farawa, ke kin san inda ya kamata a tsaya bayanta, kuma layinki mai gangarowa a hankali gwaninta ce ta gaske. Kada ki sayar da injin. Son sabon abu ba laifi ba ne, maganar da kika yaɓa masa a gaban baƙi ita ce laifin.

Batun aika mijinki da ƙunshi kuwa, ki bar shi. Ba ɗan aike ne ya yi maganar ba. Ki shirya ki je da ƙafarki kafin Asabar, ki zauna a gabansa ki ce kin yi kuskure, kin ji kunyar abin da kika faɗa. Ranar kada ki kawo zancen inji ko kaɗan, kada ya zama kin tuba ne don kina neman kunnensa. Kin san an ce kowa ya tuba don wuya ba lada. Kada kuma ki yi masa ƙaryar cewa gahawarsa ta fi kowacce daɗi. Wanda ya shekara talatin yana gano ciwon mota da kunne zai gano wannan tun kafin ki rufe baki.

Idan ya dawo, sai ki faɗa masa gaskiya cewa ba kya jin fashewar, ki roƙe shi ya riƙe miki wannan aikin. Shi zai ce yanzu, ke ki danna, ki ƙirga, ki juye. Ku yi haka sau uku ko huɗu, ki rubuta lambar da injinki yake nunawa, wannan ita ce taki. Ki kuma bar masa murhu ya yi tasa suyar yadda yake so, kowa ya sha abin da ransa ke so, ba dole sai an yi kunnen doki ba. Sannan tunda a gaban abokan aikinki aka yi dariyar, ki sake gayyatarsu, ki faɗa da bakinki a gabansu cewa ranar nan Baba ne da gaskiya.

Abu na ƙarshe. Ko bayan kin sami lambarki, kada ki sallame shi daga aikin. Mahaifinki yana da murhu a gidansa, ba rashin wurin suya ne yake sa shi ɗauko wannan nauyi da ciwon gwiwa duk mako ba. Wurinki yake zuwa. Gahawa in ta lalace gobe ma a sake soya wata, amma Asabar ɗin da uba zai iya takowa gidan 'yarsa da ƙafarsa ƙidayayyu ne, kuma kin riga kin yi asarar uku. Kada ta huɗu ta same ki kina jiran ya fara kira.

Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana, ya sanyaya zuciyarsa a kanki, ya sa ku sha mai daɗi tare.

Gwaggo