Turken Gada

Daren Alhamis, tsakiyar damina

Ɗinki huɗu aka yi mini a goshi.

Gadar ƙafar da na ƙera bara a reshen gulbi, kusa da Jiratawa, ita ta jawo. Kan turken ƙarfe guda na ɗora ta, don in ruwa ya taso da kututturai, mutum biyu su juya ta ta kwanta a bakin gaɓar gefenmu, kar ya kwashe ta kamar ta katakon da.

Yau da la'asar gulbi ya kawo, ja wur, yana ruri. Ni da ƙanena Habu muka juya ta, muka ɗaure. Sai ga Baba Ila, abokin marigayi babanmu, a guje daga gona. Gidansa na tsallake, jikokinsa uku su kaɗai a ciki.

"Sani, maido ta in wuce."

"Baba, yi haƙuri, ruwa zai cinye ta."

Sai ya sauke mini ƙotar hauya a ka. Jini ya rufe mini ido. Kafin in share, Habu ya kayar da tsohon cikin laka yana naushi, har haƙorin Baba Ila ya fita. Da ƙyar na ɓamɓare Habu.

Gada ta tsira. Yaran kuma, har yanzu ba wanda ya san halin da suke ciki.

Shekara guda ina alfahari da turken nan. Ban taɓa tambayar kaina don me na kafa shi a gefenmu ba.