Mataji ko Aska, Jamila?

Zuwa ga Jamila, sanyin tabkin Madarumfa da hantsi, ruwan farko mai tada ƙanshin ƙasa, zumar da ba a gauraya ta da sukari, inuwar gawo a tsakiyar rani. Ban ce inuwar giginya ba, ki lura, don ita na nesa ka sha ta, ni kau kusa nike so. Ke ce tumatirin saman kwando, wanda ake nuna ma mai saye amma ba a saida mashi. Sallama irin ta Musulunci, da gaisuwa mai yawa wadda amalanken jaki biyu ba su ɗauke ta.

Ni ne dai naki, Ɗanladi, sarkin ƴan lambun bakin tabki, wanda zogalenshi ke ƙetara iyaka ana mashi sannu da zuwa. Kin san lekol ɗina, makarantar boko, ba ta yi nisa ba, yadda nike magana haka nike rubutawa, in kin ga harahi ya karkace ki tallabe shi. Da baki na so in gaya maki wannan magana, to amma tunda na dawo daga Kano ba ki bar mani ƙofa ba. Abu guda kinka ce mani a zaure, kina kallon saman kaina ba idona ba: wa ya aike ka? Kinka juya kinka shige. Jamila, tun ranar nike tauna wannan tambaya kamar tsohon ganda, ta ƙi taunuwa ta ƙi haɗiyuwa.

Wa ya aike ni? Ni dai a sanina ke ce. Yanzu kuma ban tabbata ba.

Kin tuna daminar bara, ranar da kinka zo bakin tabki ke da ƙawarki Maryam sayen kihi wurin masunta? Ina tsaye ina maki bayanin yadda kada ya taɓa ganina ya koma ruwa da baya, sai iskar hadari ta hizge hulata ta jefa ta cikin tabki. Hular da ko a mafarki ban cire ta gabanki. Sanƙona ya hito hili, tas, ruwan sama ya fara kiɗa a kai kamar ana buga ƙwarya gidan biki. Kinka yi dariya har kinka dafa Maryam, kinka ce kaina shina ƙyalli kamar sabuwar tasa. Sa'annan kinka cire faifan da kinka ruhe kihinki da shi, kinka miƙo mani kinka ce in kare kaina kada sanyi shi kama ni. Kihinki ya jiƙe, ni na tsira. Faifan shina nan rataye a ɗakina, ko ƙanwata ban bari ta taɓa shi.

To ga inda hankalina ya raba hanya da ni. Abu biyu kinka ba ni ranar, dariya da faifai. Faifan na rataye shi a bango, dariyar kau na rataye ta a zuciya. Saurayi ɗan shekara ashirin da shida, ƙaƙƙarfa, kyakkyawa (wannan ba ni na faɗa ba, duk kasuwa ta sani), amma yara na ce mani Baba in na cire hula wurin alwala. Ana cikin haka sai ga Bashir mai saida portabul, wayoyin hannu, a Maraɗi ya fara zuwa gidanku gaisuwa a kan moto, wato babur, kai ba hula, suma ta cika ta tumbatsa kamar gonar gero a garin Sarkin Yamma shekarar da ruwa ya yi kyau. Kawunnanki sunka fara washe mashi baki. Ni me zan yi? In zauna ina ƙyalli?

Na ga wani bidiyo a waya, wai a wani kilinik a Kano ana dashen gashi kamar yadda ake dashen albasa. Na ce yo wannan ai sana'ata ce anka kai birni. Na saida bijimina, wanda kike ce ma Alhaji saboda tahiyarshi, na ce ma mutane zan je sayen kayan motopom, injin ban ruwa, na hau mota sai Kano.

Lokotoron kilinik ɗin, wato likitan, mutumin kirki ne, ba zan ɗora mashi laihi ba. Ya juya kaina nan, ya juya can, ya tambayi shekaruna, ya ce yaro, ka yi sauri. Wai sanƙon matashi matahiyi ne, bai kai masauki ba tukuna, in anka dasa gaba yau, gobe shina iya ci gaba da cin tsakiya. Ya ce in ƙara haƙuri. Na ce mashi lokotoro, albasar da na dasa da hannun nan ta hi mutanen da ka taɓa gani yawa, ban taɓa jiran ƙasa ta ba ni izini ba. Ya yi dariya. Yanzu in na tuna, dariyar nan tashi ma ban gane ta ba. Da alama ni da dariya ba mu fahimtar juna.

Anka kwantar da ni rub da ciki kamar ragon suna. Allura a ƙeya, allura a goshi. Daga ƙeya suke cire irin, ɗaya-ɗaya da saiwarshi, su kawo gaba su soka, layi-layi, wallahi aikin ya yi kyau, har na so in gyara masu tazara a gehen hagu. Ban yi kuka ba. Ruwan da ya zubo daga idona hasken hitilarsu ne ya yi yawa. Duk allurar da ta shiga sunanki nike kira a zuci, ya nonon safiya mai maiƙo, har na rasa ko zahin allurar nike ji ko na sonki.

Da na dawo, goshina ya kumbura ya sauko har ido. Mai kabu-kabun da ya ɗauke ni a tasha, wanda munka yi wasan ƙasa tare, ya tambaye ni ko ni baƙo ne a garin. An hana ni hula, an hana ni rana, an hana ni ɗaukar kaya a ka. Mai lambu ba rana! Sai na sayi lema, ina yawo da ita cikin zogale kamar matar gwamna. Duk da haka raina fari tas, ina cewa bari Jamila ta gani, bari Bashir shi gani shi saida moton shi koma gida.

A haka na je gaida Kaka Ɗelu, kakarki da ta raine ki, wadda in ta yi tari a gidanku kawunnanki ke miƙewa tsaye. Kin san yadda muke da ita. Duk ranar da na yi sallama sai ta ce ga mijina ya zo, me ka kawo ma amaryarka. Ranar kau ta dube ni, kai ba hula a gaban babba, ɓawon ciwo layi-layi kamar an yi shukar riɗi, ta ce in matso. Na durƙusa. Ta daɗe tana kallo. Sai ta gaya mani abin da ba wanda ya taɓa gaya mani, har ke. Ashe duk lokacin da kawunnanki ke kawo zancen Bashir, ita ke taka masu burki, kuma hujjarta guda ce: sanƙona. Wai marigayi kakanki tun kahin shi aure ta kanshi ya share, kuma har ya koma ga Allah rumbunshi bai taɓa nuna ƙasa ba. Wai sanƙon ƙuruciya ƙofar arziki ce. Ta ce Allah ya buɗe maka ƙofa, kai kuma ka saida sa ka biya an toshe ta. Ta juya mani baya ta ci gaba da ɓarar gujiyarta. Da na hito ne na same ki a zaure, kinka yi mani tambayar nan taki.

Jamila, ki duba mani wannan lissahi, ni ya hi ƙarhina. Abin da nike ɓoyewa cikin hula ashe shi ke yi mani yaƙi a cikin gidanku. Sojana guda ɗaya, na kai shi Kano an binne shi da rai.

Ki tsaya, ba a gama ba. Ana nan sai gashin da anka dasa ya fara zuba. In tashi da sahe in ga bijimina a kan matashin kai, sili-sili. Na kira lokotoro hankali tashe, ya ce in kwantar da rai, haka abin shike, ganyen ne ya zube, saiwar tana ciki, zai tsiro wajen lokacin girbi. Wannan na yarda da shi, ko tumatir in ka dasa sai ya yi laushi kahin shi kama. To ran kasuwa sai ga Kaka Ɗelu ta zo sayen yakuwa, na sunkuya ina ɗaura mata, hula ta zame. Ta ga kan nan tas kamar da. Tsohuwar nan ta riƙe baki, ta ce arziki ya ƙi toshewa, ta ce mijina ya dawo. Na ji kuma ta tara kawunnanki ta ce a sa mana rana bayan girbi.

Bayan girbi, Jamila. Daidai lokacin da lokotoro ya ce.

Na so in yi rawa a tsakiyar kasuwa, ƙafata ta ƙi. Ita tana murna da sanƙon da ba shi da sauran kwana. Gero na nuna a gona, nawa na shirin hitowa a goshi, ranar da za a shafa fatiha ina iya zama da suma kamar Bashir. In kuma maganar lokotoro ta farko ta tabbata, nan da ƴan shekaru gaba ya cika, tsakiya ta share, in koma kamar tsibiri a cikin tabki. Wata rana ina ba kaina dariya in ce ai shi ke nan kowa ya samu rabonshi, gaba naki, tsakiya na Kaka. Amma dariyar ba ta kai mani ciki. Ranar Juma'a na ɗaga hannu bayan salla zan yi addu'a, na rasa me zan roƙa. Shi tsiro? Kada shi tsiro? Na ce ya Allah kai ka san kan, kai ka san mai kan, na shafa.

Kaka zan gaya mata gaskiya, wannan na yanke. Ni mai cika baki ne, na sani, kadan nan ma da na ce ya gudu, ƙila gungume ne. Amma ba ni shiga gidanku da sanƙon aro. In ta ga dama ta rotsa mani sandarta, dama kan ya saba da wahala. In ta janye hannunta, kawunnanki sun koma ga mai moto kahin la'asar, wannan ma na sani. Abin da ban sani ba ke ce, ya tauraruwar da masunta ke duba hanya da ita. Da kinka ce wa ya aike ka, hushi kike don na taɓa kan da kike so a yadda shike? Ko don na tahi ban shawarce ki ba? Ko tausayin allurar ne ya hito maki ta hanyar faɗa, irin na mata? Ko kuwa kin riga kin san maganar Kaka, kina ganin na rushe mana gini da hannuna? Dariyar bakin tabki, ta ƙauna ce ko ta ba'a? In ta ba'a ce, me ya kawo faifai? In ta ƙauna ce, wayyo ni, me ya kai ni Kano?

Ga abin da na roƙe ki. A ƙasan kwandon gwabar da Maryam za ta kawo maki tare da wannan takarda, akwai ƙunshi. Mataji ne sabo da aska sabuwa. Ki ɗauki ɗaya ki maido mani. In mataji kinka maido, zan bar shi shi tsiro, in sa babbar riga in je in durƙusa gaban Kaka, in ce mata arzikin ba a kai shike ba, a jikarta shike. In aska ce, zan gaya mata komi duk da haka, in ƙara da alkawarin wanzami zai ga ƙeyata da goshina kowace Juma'a har ƙarshen raina, bijimi kuma Allah shi jiƙan Alhaji. Ko wanne kinka zaɓa, in dai daga hannunki ya hito, zan shiga wurin tsohuwar nan da ƙarhin mutum goma. In kinka maido duka biyu, na gane, ba sai an yi mani fassara ba. In kuma kinka riƙe duka biyu, to don Allah ki aiko Maryam da bayani, don ni kaina ban san me wannan ke nuhi ba.

Ni dai naki ne, da gashi ko ba gashi, ko rabi da rabi. Tabkin Madarumfa shina ja baya da rani shi dawo da damina, ni ban da rani a kanki. Ranar da anka wayi gari zogale ya daina ɗaci a bakin yaro, kihi ya hito tudu shina kiwo da awaki, ko ranar ba ni sauke faifanki daga bango.

Naki har a naɗe ƙasa,
Ɗanladi mai lambu

Af, na manta. Yau da sahe wurin alwala na shafa goshi, na ji wani abu kaushi-kaushi ƙarƙashin yatsa, kamar gero kwana kaɗan bayan shuka. Ban duba madubi ba. Ki yi sauri, Jamila.