Ƙofa Biyu ta Sabo

Kai da ka buɗe takardun nan ba da izinina ba, Allah yana ganinka. In kuwa ɗan caca ne kai, karanta, da kai nake.

Juma'a, 3 ga Rajab, 1297

Hambali ya dawo daga kasuwar Gwaram da igiya a hannu, babu jaki. Jakin da ubansa ya bar mana, ga taki jibge ba a kai gona ba, ga hadari ya fara haɗuwa. Wani Sabo mai shimfiɗa tabarmar caca ya cinye shi da ƙwayar kuɗin wuri huɗu. Ɗana, jikan malamai! Ban dake shi ba. Sabo nake nema.

Asabar, 4 ga Rajab

Na titsiye shi ya faɗi yadda ake yi. Ana watsa wuri huɗu. In duk suka kife, ko duk suka buɗe, Hambali ya ci. In biyu suka kife biyu suka buɗe, Sabo ya ci. In uku da ɗaya ne, a sake. Wai Sabo cewa yake, "Ɗan Birnin Kudu, kai ƙofa biyu, ni ƙofa ɗaya, wa aka cuta?"

"Wallahi Inna asiri gare shi. Kuma na sha ƙasa da yawa, saura kaɗan rabona ya zo."

Na ce wuri ba ya tuna jiya, sakarai.

Lahadi, 5 ga Rajab

Allah ya isa tsakanina da Sabo. Ko a gaban kabarinsa zan maimaita.

Laraba, 8 ga Rajab

Ban yarda da zancen asiri ba. Na ɗauki wuri huɗu, na shafa wa ɗaya lalle, ɗaya baban rini, ɗaya gawayi, ɗaya na bar shi fari, don in bambance su. Na yi ta jera su a faifai, kowace kwanciya na ajiye ƙwayar wake. Kwanciya goma sha shida ne, ba ƙari. Duk a kife ɗaya, duk a buɗe ɗaya. Uku da ɗaya, takwas. Biyu-biyu kuwa shida! Ƙofar Sabo ɗaya ce, amma hanya shida ke shiga cikinta. Kafin ɗana ya ci sau ɗaya, shi ya ci uku. Babu laya, babu aljani. Sata ce da rana tsaka.

Juma'a, 10 ga Rajab

Na tura Hambali Gwaram. Na hana shi taɓa wuri. Abu ɗaya zai faɗa, da ƙarfi, a gaban jama'a: "Malam Sabo, yau na bar maka ƙofa biyun, ba ni ɗayar."

Asabar, 11 ga Rajab

Sabo ya ƙi! Hambali ya ce sai ya hau kame-kame, wai ba a sauya al'ada. Wani mahauci ya ce, "Kai da ake ba riba, me kake gudu?" Aka yi ta yi masa ihu har ya naɗe tabarma. Alhamdu lillahi. Na so a ce ina wurin.

Jakin kuwa tuni ya sayar wa fatake.

Talata, 14 ga Rajab

An yi ruwa. Hambali na kai taki a ka, wuyansa duk ya saɓule. Bai yi ƙorafi ba. Na shafa masa man kaɗanya.

Ɗazu da hantsi ina tsince wake, na ga wurin nan a gefen faifai. Lissafi ya ƙare tun Laraba, ban san me ya sa na watsa su ba. Duk huɗun suka kife. Na ji wani irin daɗi, har na kai hannu in sake. Ni, da na san shida da biyu.

Astagfirullah. Na jefa su a masai.

Da Hambali ya dawo na sa masa tuwo da yawa, ban ce masa sakarai ba. Na tara gida na faɗa: daga yau wuri a gidan nan daga hannu sai hannu. Ba a watsa shi a ƙasa, ko da wasa, ko don gwaji. Yaro da babba. Har mai dokar.