Kwalaben da Hajja ta yi wa unguwa alkawari

Jurf, Madina

Zuwa ga Baffana Saminu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baffa, ka yi mini afuwa da na ɗauki biro na rubuto maka, ni da ko a waya ban taɓa wuce gaisuwa da kai ba. Na san ba hurumina ba ne in tsoma baki cikin maganar manya, sai dai manyan gidan nan kowa ya zame. Na rubuta da Hausar boko da Umma ta koya mini, zan ɗauki hoton takardar in turo maka, saboda ƙanena Haisam yana jin Hausa amma ba ya iya karanta ta, kuma duk abin da ya shiga kunnensa sai ya kai wa Hajja da ɗuminsa.

Ina fatan kana lafiya, da aikin asibiti, da sanyin Italiya. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a hanya. Mu nan alhamdulillahi. Kakata Hajja Tasallah tana nan da ƙarfinta, sai gwiwa da ke damunta idan ta daɗe a zaune. Baba yana can filin jirgi yana fama da kayan masu Umara, Umma lafiya lau, ni kuma ina shirin jarrabawa.

Maganar a kan bidiyon da ka aiko ne, na hutun da ka yi da abokan aikinku, kuna yawo a kan kekuna cikin tuddan nan na bayan Torino. Wallahi wurin ya yi kyau. Gonakin inabi layi-layi sun hau tudu sun gangara, ga manyan duwatsu can nesa da farin ƙanƙara a kansu. A wayata Hajja ta kalla. Da farko kuka ta fara, wai ɗanta ya rasa aiki har an karɓe motarsa, don a Madina ba ta san mai hawan keke ba sai yaran da ke kai wa mutane abinci. Na yi mata bayani cewa yawon shaƙatawa ne, don jin daɗi kuke yi. Ta tambaye ni me kuke kaiwa saman tudun, na ce babu. Ta ce to me kuke ɗaukowa, na ce babu. Sai ta ce Allah ya shirya. Hular da ka sa ta ce kamar an kife maka rabin kankana. Wandon kuwa, Baffa, ba zan ce komai a kansa ba, sai dai duk lokacin da ka sauka daga keken nakan ɗora babban yatsana a ƙasan allon. Har yau Hajja tana tsammanin haka ake riƙe waya.

Hankalinta bai kwanta ba sai da ta ji ka tsaya kana haki, kana ce mata Inna, ga gonakin nan, duk duniya babu inda ake yin ruwan inabi kamar nan, daga ko'ina mutane suke zuwa su ɗanɗana. Ka san Hajja da asir, wato lemon inabi na kwalba, ba ta buɗa baki da azumi sai da shi. Nan take ta sa ni na danna mata ta yi maka saƙon murya, ta ce idan za ka zo Umara da azumi ka taho mata da katon guda. Ka amsa da cewa to Inna, in sha Allah, iska tana ta kaɗawa a bayanka. Ni na tabbata ba ka ji saƙon har ƙarshe ba, domin maganar kwalaben ta zo ne bayan ta gama gaida matarka da yara da maƙwabtanku da ba ta sani ba.

Kafin sati ya zagayo ta rarraba katon ɗin tun bai zo ba. Maƙwabciyarmu Hajja Ƙaltume, 'yar Chadi, wadda kullum take mana labarin zumar da ɗanta ke kawo mata daga kudu, an yi mata alkawarin kwalba, kuma na ga Hajja ta ji daɗin faɗa mata hakan ƙwarai. Matan da suke tafiya Harami tare ran Juma'a kowacce za ta samu kofi. Abin da ya fi tsorata ni shi ne Malam Abdulfattah, ladanin masallacin unguwarmu, wanda muryarsa ta dushe tun lokacin sanyi. Hajja ta aika masa cewa maganinsa yana hanya daga Turai, ya riƙa ɗumama shi kaɗan yana sha kafin kiran asuba. Ya aiko da godiya da addu'a mai tsawo.

Ni ma a lokacin ban san komai ba. Na tsayar da bidiyon ne don in kwafi sunan garin in nuna wa malamarmu a taswira, sai na ga kun shiga wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa cike da gangunan katako, da wani rubutu a saman ƙofa. Na sa kalmar a waya ta fassara mini. Ta ba ni kalmar Larabcin da ban san ta a ko'ina ba sai a darasin fiƙihu, babin abubuwan da aka haramta. Na kife wayar a kan katifa na daɗe ban taɓa ta ba. Da na gaya wa Umma, ta toshe baki, sannan ta yi ta dariya har ta zauna a ƙasan kicin, ta ce in je in faɗa wa Baba. Baba yana shan shayi lokacin da na raɗa masa a kunne, ya ƙware, sai da Haisam ya bubbuga masa baya.

Baba ya yi ƙoƙari, ba zan ɓoye ba. Ya je ya ce wa Hajja 'yan jamarik, wato kwastan, ba sa barin irin wannan abin sha ya shigo ƙasa, kuma ai gaskiya ya faɗa. Hajja ta ce to mene ne amfanin shekarun da ya yi a filin jirgin? Ta ce ya san kowa a can, ya tsaya a bakin ƙofa ya ɗauko katon ɗin a kafaɗarsa, kuma a gaya maka ka rubuta sunan gidanmu da manyan baƙaƙe kada ya haɗu da kayan wasu. Tun ranar Baba yake fita aiki da wuri. Ya ce wa Umma wannan magana ce ta mata, Umma ta ce ai ba ita Hajja ta haifa ba. Haisam, da bai san komai ba sai maganar kwastan, ya kawo shawara da Larabci cewa a sayo asir a baƙala, shagon unguwa, a ɓare takardar jikinsa. Baba ya daɗe yana kallonsa har na ji tsoron zai yarda, amma Umma ta ce ba za a yi wa tsohuwa ƙarya da azumi ba, kuma babu asir a baƙalar nan da Hajja ba ta san ɗanɗanonsa ba.

Ni ma na gwada. Ina matsa mata gwiwa na tattara duk ƙarfin halina na ce, Hajja, ruwan inabi fa iri biyu ne. Ta ce ta sani, akwai na baƙi akwai na kore, in gaya maka na baƙin take so. Na ce to.

Baffa, abin ya fara wuce dariya. Sara, jikar Hajja Ƙaltume, ajinmu ɗaya, ta fi ni Turanci, kuma tana ta roƙona in tura mata bidiyon. Uzurina ya kusa ƙarewa. Idan Hajja ta ji daga bakin maƙwabta cewa a garin giya ɗanta ya yi hutu, kuma ita da bakinta ta yi wa ladan alkawarinta, kunya ba za ta bar ta ta fita ƙofar gida ba, kuma ina tsoron ta daina ɗaukar wayarka. Ta daɗe tana jiran zuwan nan naka. Har labulen ɗakin da za ka sauka ta sa an canza.

Don haka nake roƙonka ka kira ta da kanka, ran Juma'a bayan la'asar, lokacin da ta dawo daga Harami ranta a sake. Daga bakinka za ta yi faɗa ta huce, daga bakin wani ba za ta huce ba. In da hali ka ce za ka kawo zabibi mai yawa, don ta samu abin da za ta miƙa wa mutanen da ta yi wa alkawari.

Akwai ƙarshen bidiyon da ban nuna mata ba, saboda kwalaben da ke kan teburin. Kuna zaune a ƙarƙashin bishiya, kowa ya ɗaga kofin gilashi, kai kuma ka ɗaga gorar ruwa ta roba da ke maƙale a jikin kekenka, wani tsoho mai farin gemu yana dariya yana dafa kafaɗarka. Na kalli wurin nan ya fi a ƙirga. Idan ka gama yi mata bayani, ka ce in nuna mata shi. Zan kasance a gefenta, ni zan riƙe wayar.

Ka gaida mini Anti Khalida, da Suhaib, da 'yar ƙarama Asma da ban taɓa gani ba sai a hoto. Umma tana gaishe ku. Baba bai san na rubuto ba, amma na san zai yi ajiyar zuciya.

In ban yi rashin kunya ba, ka ba ni izini in sake rubuto maka ko babu wata matsala. Ina so in tambaye ka yadda mutum yake ji idan keke ya fara gangarowa daga tudu, ya daina taka feda. Ni ban taɓa hawa ba.

'Yarka,
Safiyyatu